Sana'ar Bajon Ƙarfe a Zuru: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Ɗana, tunda ka ce ka ji ka gani za ka shiga sana'ar bajon ƙarfe, zauna ka saurara kafin ka taɓa jarinka. Bajon da nake nufi shi ne ɗan ƙarfen nan mai fenti da sheƙi da ake maƙalawa a ƙirji ko a hula: na makaranta, na ƙungiya, na jam'iyya, na majami'a, na 'yan agaji, na biki.

Kasuwarsa tana nan a Zuru. Ga ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a 2020, ga makarantun sakandare da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibansu, ga Zumuntar Mata da Boys' Brigade, ga 'yan agajin Izala da na Jama'atu Nasril Islam, ga direbobi da 'yan acaɓa, ga bikin Uhola. Ƙasar kuma ta sojoji ce. Ita ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Tanko Ayuba, da marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami Gomo II. Gidaje da yawa akwai ɗan mazan jiya da ya san ma'anar kowace igiya da kowane anini. Mutanen nan ba sa yi wa abin da ke ƙirjin mutum kallon wasa.

Ka san yadda ake yin sa. Ana sassaƙa zanenka a jikin hatimin ƙarfe mai tauri, a danna shi da inji a kan fallen ƙarfe, a yanke, a liƙa tsinke a baya, a yi masa ruwan gwal ko na azurfa, a ɗura fenti a ramukan zanen, a gasa. Yawancin wannan aiki a ƙasar Sin ake yin sa, a garuruwa irin su Zhongshan da Dongguan da Kunshan, ko da dillalin Legas ko na Kano ka ba odar.

Abu biyu za ka riƙe. Kuskuren da ya shiga hatimi ba ya fita, kuma sau nawa aka buga, sau nan zai maimaitu. Sannan bajo shaida ce: wanda ya sa shi, ana ba shi hanya, ana ba shi amana. Sakaci da na farko jarinka zai ci. Sakaci da na biyu yana kai mutum caji ofis, yana kuma iya jawo zubar da jini.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka samo mai saye kafin ka buga. Bajon ƙungiya ba shi da kasuwa a wajen ƙungiyar. In suka ƙi shi, a kwali zai tsufa.

2. Ka karɓi kafin alƙalami, aƙalla abin da zai biya hatimi da rabin aiki. Wanda bai sa kuɗinsa ba, janye jiki ba ya yi masa wuya.

3. Ka rubuta yarjejeniya: adadi, girma, launi, irin ƙarfe, farashi, ranar bayarwa. Shugaba da sakatare da ma'aji su sa hannu. Shugabanci yana canza hannu, sabon shugaba kuma bai san alƙawarin baki ba.

4. Ka nemi izini a rubuce daga mai tambari, a kan takardar da ke ɗauke da sunan makaranta ko ƙungiyar. Ranar da aka tambaye ka wa ya sa ka, takardar ce kaɗai za ta yi magana.

5. Ka je fada ka nemi izini kafin ka taɓa tambarin masarauta ko hoton Sarki. Ba a yi wa sarauta shigar sauri, kuma ba mai tsaya maka in ka yi.

6. Ka ƙirga masarautun gargajiya biyar ɗin cif idan za ka wakilci ƙasar Zuru: Dabai, Danko, Fakai, Sakaba, Wasagu. Wanda ka manta da su ba za su saya ba, ba kuma za su manta ba.

7. Ka sauƙaƙa zane. Yawancin bajo bai wuce santimita 2 da rabi zuwa 3 ba. Wanda ya cusa masa tsauni da dami da garma da kalmomi goma, taɓo zai samu.

8. Ka raba kowane launi da ɗan'uwansa da layin ƙarfe, kaurinsa kada ya gaza milimita 0.3. Fentin ruwa ne lokacin da ake ɗura shi. Inda babu shinge, ja zai malala cikin fari.

9. Ka buga zanen a takarda daidai girman bajon, ka yanke, ka manna a riga, ka ja baya taku uku. Rubutun da bai karantu a nan ba, ba zai karantu a ƙarfe ba.

10. Ka tura zane da aka yi da CorelDraw ko Illustrator, ka mayar da haruffa su zama zane kafin ka tura. Kwamfutar masana'anta ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba. Za ta zubar da ƙugiyarsu ko ta bar gurbin fayau.

11. Ka ba mutum uku su karanta rubutun, kowa shi kaɗai. Na harshen C'lela ka ba wanda ya iya rubuta shi, na Larabci ka ba malami. Idonka ya saba da zanen, ba ya ƙara ganin kuskurensa. Larabci kuwa kwamfuta tana tsinka haruffansa ta juya su baibai.

12. Ka ba kowane launi lambarsa daga littafin launuka na Pantone. Koren da ke wayarka daban, na wayar shugaban ƙungiya daban, na injin masana'anta daban. Lamba ce kawai ba ta gardama.

13. Ka san bambancin fenti mai laushi da mai tauri, ka faɗa wa mai saye tun farko. Mai laushi yana kwanciya ƙasa da layin ƙarfe, yatsa yana jin gargadarsa, ya fi araha, ya fi saurin ƙarzuwa. Mai tauri ana cika shi, a gasa, a goge ya zama sumul, ya fi tsada, ya fi ƙarko. Wanda ya biya kuɗin wannan aka kawo masa wancan, ɓarawo zai kira ka.

14. Ka zaɓi ƙarfe gwargwadon aikin da zai yi. Baƙin ƙarfe na bikin kwana ɗaya ne. Wanda za a sa shekara da shekaru, tagulla ko tutiya. Da ruwan da aka yi wa baƙin ƙarfe ya ƙarzu, gumi da damina sun isa su sa shi tsatsa, tsatsar kuma a farar riga take sauka.

15. Ka rubuta kaurin da kake so, milimita 1.5 ko abin da ya fi. In ka yi shiru, fallen da ya fi siranta za a ba ka, ya lanƙwashe a aljihu.

16. Ka sa tsinke biyu a bayan duk bajon da ya haura santimita 3. Mai tsinke ɗaya juyawa yake yi, sai ka ga tambarin makaranta kai ƙasa a wurin fareti.

17. Ka zaɓi maƙallin baya da hankali. Na roba ya fi daɗi a fata amma yana saki. Mai ɗan makulli shi ne na 'yan fareti da 'yan acaɓa. Bajon da ya faɗi a rana ta farko, kai za a zaga.

18. Ka biya a kawo maka samfur ka riƙe a hannu kafin a buga sauran. Ka kai shi rana ka duba: kumfa a fenti, ƙura da ta maƙale, ramin da bai cika ba, launin da ya tsallake layi. Ka shafa gefensa da ɗan yatsa ka ji ko yana yanka. Ka tura tsinken da babban yatsa ka ga ko zai ɓalle. Ka kara masa mayen ƙarfe: in ya kama shi gam alhali kuɗin tagulla ka biya, an cuce ka. Ka naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma mai gishiri ya kwana. Gani ya kori ji; hoton WhatsApp ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

19. Ka nemi takardar gwajin da ta nuna babu dalma da kadmiyam a ƙarfen da fentin. Yara suna kai komai baki, gubar dalma kuma ƙwaƙwalwa take ci.

20. Ka tambayi ko akwai nikel a ruwan da aka yi wa bajon. Akwai masu fatar da ba ta jure shi. Ƙuraje da ƙaiƙayi za su dawo maka da kaya.

21. Ka sa lamba a bayan kowane bajon da ke ba mai shi iko: na jami'an ƙungiya, na 'yan agaji, na masu tsaron ƙofa. In ɗaya ya ɓata, a san na wane ne, a sanar.

22. Ka ajiye littafi: wa ya ba da oda, nawa aka buga, wa ya karɓa, yaushe, da sa hannunsa. Ranar bincike, wanda ba shi da littafi shi ne wanda ake zargi.

23. Ka lissafa komai kafin ka yanke farashi: hatimi, samfur, bugu, kuɗin jirgi, kwastan, dillali, mota daga Legas ta Kontagora da Rijau, kati, leda, da wanda zai lalace. Abin da ka manta a lissafi, daga ribarka zai fita.

24. Ka gane cewa kuɗin hatimi ɗaya ne, ko kaɗan ka buga ko da yawa. A misali, hatimin naira 60,000 ya hau kan bajo 50, kowanne ya ɗauki 1,200. Ya hau kan 500, kowanne 120 kacal. Wanda bai san wannan ba, ƙaramar oda za ta karya shi.

25. Ka sa wa farashinka wa'adi, mako ɗaya ko biyu. Da dala ake biyan masana'anta. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Waɗanda suka yanke farashi suka zauna, uwar kuɗinsu ta narke.

26. Ka ƙirga kwanaki daga ranar biki ka dawo baya, ka ba kanka wata biyu aƙalla. Masana'antun Sin suna rufewa makonni a hutun sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, suna kuma hutu a makon farko na Oktoba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

27. Ka ƙara 'yan kaɗan a kan adadin da aka nema. A kowane kwali akwai masu aibi. In ba ka da na maye gurbi, kai da cika alƙawari sai wata oda.

28. Ka buɗe kwali a gaban shaida, waya tana ɗauka, ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya a ranar. Ƙorafin da ya kwana biyu ba shi da mai saurare.

29. Ka ware lafiyayyu daban, masu ɗan taɓo daban, ka rage kuɗin na biyun ka faɗi dalili. Mutum ɗaya da ka ɓoye wa aibi zai gaya wa ƙungiya guda.

30. Ka soke kowanne a katinsa, ka sa a ledarsa, ka ɗaga kwali daga ƙasa. Gugar juna tana kashe sheƙi, raɓar damina tana kashe ƙarfe.

31. Ka rubuta wa ke da hatimi da kuma tsawon lokacin da za a ajiye shi. Masana'anta ba ta ajiye shi har abada. In ba ka tambaya ba, sau biyu za ka biya.

32. Ka yi rajistar sunan kasuwancinka a hukumar CAC, ka buɗe masa asusu nasa. Makaranta da ma'aikata ba sa ba mara rajista kwangila, kuɗin oda da ya haɗu da na cefane kuma ya tafi.

33. Ka fara da ƙarami. In jarinka bai kai ba, ka sayi injin hannu mai matse bajon takarda da leda, ka koyi kasuwa da shi. Kuskure a takarda kwabo ne, a ƙarfe jari ne.

34. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ko bariki idan baƙon ido ya nemi ka yi masa alamar jami'an tsaro. Shirunka na yau yana iya zama makokin wani ƙauye gobe.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka buga bajon soja, ko na ɗan sanda, ko kwastan, ko sibil difens, ko shige da fice, ko igiya, ko anini, ga kowa, ko nawa ya biya. Doka ta hana sa kaya ko alamar ma'aikacin gwamnati don yaudara, kuma ka san 'yan bindiga suna shiga ƙauye da kakin soja. Wanda ya ƙera musu alama ya shiga cikin aikinsu.

2. Kada ka yarda da takardar da aka miƙo maka a shago da sunan hukuma sai ka taka ka je ofishin da kanka. Hatimi da kan takarda ana buga su a kowane lungu.

3. Kada ka yi wa 'yan banga ko 'yan sa-kai bajo ba da sanin shugabanninsu da hakimi da 'yan sanda ba. Mutanen Sakaba da Danko da Wasagu sun sha wuyar da ta isa. Kada ka ƙara musu wanda zai tare hanya da alamar ƙarya.

4. Kada ka sa tambarin Nijeriya mai dawakai da mikiya a kayan sayarwa ba izini. Akwai dokar tuta da tambari tun 1960, rashin saninta kuma ba ya fid da kai.

5. Kada ka taɓa alamar Red Cross, ko da asibiti mai zaman kansa ne ya nema. Yarjejeniyar Janeba da dokar ƙasa sun keɓe ta, domin ita ce kariyar masu ɗaukar raunana a fagen fama.

6. Kada ka kwaikwayi bajon tunawa da 'yan mazan jiya da ake sawa kafin 15 ga Janairu. Kuɗinsa na tsofaffin sojoji ne da matan da aka bari da marayu. A Zuru, maƙwabcinka kake yi wa sata.

7. Kada ka buga tambarin Arsenal ko Chelsea ko Barcelona ko na wani kamfani don ka ga yara suna so. Tambari mai rajista ne. Kwastan na iya riƙe kayan, ba kuma inda za ka kai ƙara.

8. Kada ka kwafi zanen wani daga intanet ka ce naka ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare mai zane, kuma wanda ya saci na wani ba shi da bakin magana ranar da aka saci nasa.

9. Kada ka sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a bajo. Za a shiga da shi makewayi, zai faɗi a taka shi, alhakin yana kanka, fitinar da za ta biyo kuma ta fi ƙarfinka.

10. Kada ka karɓi aikin da ke yi wa wani addini ko wata ƙabila habaici. A Zuru gida ɗaya yana ɗauke da Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya. Ba za ka raba su don ribar ɗan ƙarfe ba.

11. Kada ka rufe masarautar duka da sunan ƙabila ɗaya. Bayan Lelna akwai Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani da sauransu. Wanda aka share sunansa ya san an share.

12. Kada ka yi alƙawarin fitar da fuskar mutum da fentin ɗuri. Fentin ba ya yin inuwa. Fuska sai an buga ta kamar hoto an rufe da danƙo mai sheƙi. In ka nace, dodo za ka kai wa ɗan takara.

13. Kada ka buga hoton kowa, rayayye ko mamaci, ba da yardarsa ko ta iyalinsa ba. Fuskar mutum ba hajarka ba ce.

14. Kada ka ce wa masana'anta a ci gaba cikin dare, ido na barci, ko kana kan babur. Da wannan kalma za a sassaƙa hatimi, daga nan kuma kowane kuskure naka ne.

15. Kada ka amince da zane a madadin mai oda. Ya gani da idonsa, ya sa hannu a kan hoton ƙarshe. In ba haka ba, harafi ɗaya zai sa ya ƙi biya, kuma yana da gaskiya.

16. Kada ka bi wanda ya fi kowa araha. Abin da ya rage maka a kuɗi ya zare shi daga kaurin ƙarfe da ingancin fenti. Araha ba ta ado.

17. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum a wajen dandalin da kuka yi ciniki, irin su Alibaba. Kuɗin da ya fita ta bayan fage ba shi da mai bi maka shi.

18. Kada ka yarda da saƙon da ya ce an canza lambar asusu sai ka kira wanda ka sani ka ji daga bakinsa. Tsohuwar dabarar 'yan damfara ce, har yau tana cin mutane.

19. Kada ka damƙa wa dillalin da ba ka taɓa gwadawa ba kuɗin duka a tashi ɗaya. Wanda ya riga ya karɓe haƙƙinsa ba ya ɗaga waya.

20. Kada ka ba ɗan siyasa bashi, ko da ɗan'uwanka ne ya kawo shi. In ya faɗi ba shi da kuɗi, in ya ci ba ka ganinsa. Na ga masu shago da suka rufe a kan wannan.

21. Kada ka buga rarar bajon ɗan takara ko mai ɗauke da shekara da fatan za ka sayar daga baya. Ɗan takara yana sauya sheƙa cikin dare, shekara kuma ba ta dawowa.

22. Kada ka sayar ko ka raba bajon jam'iyya kusa da rumfar zaɓe ranar zaɓe. Dokar zaɓe ta hana kamfe da nuna alamar jam'iyya cikin tazarar mita 300. Kai da yaron shagonka za a kwashe.

23. Kada ka narkar da dalmar tsohon batir don ka zuba bajo a gida. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a Anka da Bukkuyum, nan maƙwabta a Zamfara. Dalmar batir ita ce dai wannan gubar, hayaƙinta da ƙurarta kuma 'ya'yanka za su fara samu.

24. Kada ka yi aikin asid ko gugar ƙarfe a tsakar gida, ko ba safar hannu da tabarau da abin rufe hanci. Ido ba shi da na canji, ruwan da ka zubar kuma rijiya zai nufa.

25. Kada ka sayar wa ƙananan yara bajo, kada ka bar shi inda mai rarrafe zai kai hannu. Maƙallin baya daidai maƙogwaron jariri yake.

26. Kada ka ba makarantar firamare bajo mai mayen ƙarfe a baya. Yaro ya haɗiye biyu, za su manne ta jikin hanji su huda shi, sai tiyata. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ma ka gargaɗe shi ya nisance shi.

27. Kada ka riƙe bajo ko fil a baki kana aiki, kuma ka hana mata masu ɗaura hijabi ko ɗankwali yin haka. Tari ɗaya ko dariya ɗaya ya wuce huhu.

28. Kada ka soka bajo mai nauyi a shadda mai tsada ko siririn mayafi don nuna wa mai saye. Ramin da ya huda ba ya rufewa, kai za ka biya rigar.

29. Kada ka ce wa mai saye gwal ne ko azurfa. Ruwa ne aka yi masa, siriri, zai kuma dushe. Ƙarya a ciniki tana cinye albarka kafin ta cinye suna.

30. Kada ka baje kayanka a rana a kasuwa tun safe har yamma. Danƙon da ake rufe bajo da shi rawaya yake komawa, fari ya zama ruwan ƙasa.

31. Kada ka bar mai saye ya tafi ba ka gaya masa ya cire bajo kafin wanki, ya kuma nisanta shi da bilic da turare ba. Shi zai lalata, kai zai ɗora wa.

32. Kada ka sayar da bajon ƙungiya ga wanda ba ɗanta ba, ko da rara ce ta rage maka. Da shi ake shiga taro a yanki aljihu, da shi ake karɓar taimako da sunan marayu.

33. Kada ka miƙa kaya don an nuna maka alat a waya. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. Alat na bogi ya fi na gaske saurin zuwa.

34. Kada ka rage darajar kaya a takardar kwastan, kada ka bar dillali ya yi da sunanka. Tarar da za a ci ka ta ninka abin da ka ɓoye, kayan kuma suna tsare har biki ya wuce.

35. Kada ka sayar da gona ko ka buɗe rumbu ko ka ci bashi mai ruwa don odar farko. Odar farko makaranta ce, ba a sa abincin gida a cikinta.

36. Kada ka yi alƙawarin ranar da ba a hannunka take ba. Jirgi da kwastan da hanya ba sa jin maganarka. Bajon Uhola da ya iso bayan an watse ba shi da mai saye.

37. Kada ka ɓoye idan aiki ya ɓaci ko ya makara. Ka je da ƙafarka ka faɗa tun da wuri. Zuru ƙaramin gari ne, wanda ya kashe waya ya kashe kasuwarsa.

Sana'ar halal ce, tana kuma ciyar da mai haƙuri da lissafi da tsoron Allah. Amma ba ta yafe gaggawa, ba ta yafe kwaɗayi. Ka manna wannan takarda a bangon shagonka, ka karanta wa yaranka, ka duba ta kafin kowace oda. Aikin da zuciyarka ta yi ɗar da shi, ka mayar da kuɗin ka bar shi ya tafi. Na faɗa maka, na sauke nauyi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.